Filin Shawara: A Gyara Ta ko a Yanka Ta?

Kowane makiyayi ya san wannan rana. Saniya ta tsufa, ta kwanta, ta kasa tashi. Mai ita ya tsaya bisa kanta yana tunani. Ya kira malamin dabbobi ya yi mata magani, ko ya kira mahauci tun tana da sauran nama? In ya yi gaggawar yanka, wataƙila ya rasa saniyar da za ta ƙara haihuwa biyu ko uku. In ya yi jinkiri, sai ta zama mushe, ba nama, ba kuɗi. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su manta ba. Wanda ya sayar da wuri ya tsira da wani abu. Wanda ya riƙe har ƙarshe, fata kaɗai ya samu.

Yanzu ba saniya kaɗai ke sa magidanci wannan tunani ba. Akwai mota. A wannan wata za a yi magana bisa tsohuwar bashe wadda injinta ya mutu. A gyara ta, ko a yanka ta a sayar da ƙarafa?

Bashe, raƙumin ƙauye

Bashe ita ce mota mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol. Ita ke kai hatsi da wake da albasa kasuwa. Ita ke ɗauko taki. Ita ke kai tumaki da awaki. In haihuwa ta yi gardama cikin dare, ita ke kai mace gidan likita.

Waɗanda aka fi sani a ƙasar Hausa su ne Peugeot 404 da Peugeot 504 na Faransa, sai Toyota Hilux ta Japan. An fara ƙera 404 a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa waɗannan motoci da kayansu suka yi yawa daga Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram. An daɗe da daina ƙera 404 da 504. Duk wadda ke bisa hanya yau, tsohuwa ce. Ta girmi direbanta sau da yawa.

Sayen wata kuwa ba wasa ba ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. A 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, hanyar da motocin hannu ke bi daga Kwatano zuwa Gaya ta toshe. Don haka ƙauyen da ya rasa motarsa ba ya samun wata da sauƙi.

Ranar da inji ya yi shiru

Ga misali. Wata ƙungiyar manoman albasa ce a ƙasar Madawa. Mutum arba'in, maza da mata, sun haɗa kuɗi sun sayi 504 ta hannu. Ta yi masu aiki shekaru. Wata ranar kasuwa cikin bazara, ta ɗauki albasa ta kama hanya. Direba ya ga allurar zafi tana hawa. Ya ce a ransa, saura kaɗan a isa. Ya ci gaba. Can sai tururi ya tashi, inji ya yi tari, ya yi shiru. Direba ya ruga rijiya, ya ɗebo ruwan sanyi, ya ɗura. Inji bai ƙara tashi ba. Da shanu aka jawo ta gida.

Da la'asar aka taru gindin bedi, ƙofar gidan mai gari. Magana ta rabu biyu.

Wani dattijo ya ce: "Motar nan ba a yanka ta ina raye. Ita ta kai ɗiyata gidan likita ranar da ta kusa mutuwa wurin haihuwa. Jikan nan da kuke gani, albarkacinta ne."

Wani saurayi ya ce: "Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Kowane wata sai ta ci kuɗi. A sayar da ita ga masu ƙarafa, a sayi babur mai ƙafa uku."

Aka yi ta ja. Sai ma'ajiyar ƙungiya ta nemi izini. Mace ce da ta yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci. Ta ce: "Ranka ya daɗe, Baba yana da gaskiya, ƙanena ma yana da gaskiya. Amma ba wanda ya ga cikin injin nan. Ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Ba wanda ya rubuta lissafi. Mu yi waɗannan uku, sannan mu yanke."

Mai gari ya ce: "Maganar ɗiyar nan ita ce magana. Gani ya kori ji."

Aiki na fari: me ya kashe inji?

Aka aika birni aka kira makanike. Aka biya shi kuɗin dubawa dabam, aka gaya masa ba lalle shi za a ba gyara ba. Wannan dabara ce mai kyau. Makaniken da ya san aikin nasa ne, zai so a gyara. Mai sayen ƙarafa kuwa zai so a yanka. Kowa da inda yake cin tuwo.

Makanike ya ce abu uku ne suka fi kashe inji a ƙasarmu: rashin ruwa, rashin mai, da ƙura.

Rashin ruwa. Inji yana aiki da wuta cikin cikinsa. Ruwa ke sanyaya shi. Ruwan yana zagayawa daga inji zuwa radiyato, wato ma'ajin ruwan da ke gaban mota. In radiyato ya huje, ko igiyar fanka ta tsinke, ko famfon ruwa ya lalace, sai zafi ya hau. Ruwan rijiya mai kanwa ma yana toshe ƙananan hanyoyin radiyato sannu a hankali. In zafi ya yi yawa, murfin inji da makanikai ke kira kulas yakan tanƙware. Kulas na 404 da 504 na sanholo ne, ba ya jure zafi kamar baƙin ƙarfe. In aka zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, yana iya tsagewa, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga wuta aka tsoma cikin randa. Tsakanin kulas da gangar inji akwai wani faifai mai hana ruwa da mai haɗuwa, ana ce masa juwan kulas. In ya ƙone, ga alamunsa: man inji ya koma kamar shayi da madara, farin hayaƙi yana fita baya, ruwan radiyato yana kumfa.

Rashin mai. Man inji shi ne jinin mota. Can ƙasan inji akwai babban ƙarfe mai juyawa, wanda ke kai ƙarfi ga ƙafafu. Yana kwance bisa ƙananan matasai na ƙarfe masu santsi, ana ce masu kusine. In mai ya ƙare, ko ya tsufa, ko jabu ne, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Za a ji inji yana bugu kamar maƙeri bisa uwar maƙera. In aka ci gaba da tafiya, sai ya ƙame. Wani lokaci sandar fisto takan karye ta fasa gangar inji, ta bar rami. Wannan ita ce babbar mutuwa.

Ƙura. Ƙurar hunturu da rairayin hanya suna shiga tare da iska in matatar iska ta yage ko an cire ta. Suna cinye zobban fisto kamar yadda dutsen niƙa ke cinyewa. Inji ya rasa ƙarfi, ya riƙa shan mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi.

Makanike ya kwance kulas a gaban jama'a. Juwan ya ƙone. Kulas ya tsage. Zobba sun cinye. Amma gangar inji lafiya take, babban ƙarfen ƙasa kuma bai ji ciwo ba. Ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan suma ce, ba mutuwa ba."

Ya ƙara da wani bayani. Injin esansi na 404 da 504 yana da fisto huɗu. Kowane fisto yana hawa da sauka cikin wani bututun ƙarfe da ake kira shamis. A waɗannan motoci ana iya zare shamis a sa sabo, tare da fisto da zobba. Ke nan ciki ya koma sabo ba tare da an taɓa ganga ba. A wasu motoci kuwa, sai an kai ganga birni wurin masu injin sassaƙa ƙarfe. Wannan yana ƙara kuɗi da kwanaki.

Aiki na biyu: duba sauran jiki

Mai sayen sa ba haƙora kaɗai yake dubawa ba. Yana duba kofato, da baya, da idanu. Haka mota. Inji ana canza shi. Abin da ba a canzawa da sauƙi shi ne shasi, wato ƙashin bayan mota, dogayen ƙarafan da komi ke zaune bisa kansu.

Aka tura motar bisa rami, aka shiga ƙarƙashi da fitila. Ga abin da aka duba:

1. Shasi. Akwai tsagewa? An taɓa yi masa walda? Ya tanƙware? Tsatsa ta ci shi? Aka ƙwanƙwasa da guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara. Ruɓaɓɓe yana zubar da gari.

2. Akwatin giya. Kafin inji ya mutu, giya tana shiga da sauƙi? Tana fita da kanta bisa hanya?

3. Ƙarfen ƙafafun baya. Yana kuka? Yana zubar da mai?

4. Lam, wato faffaɗan ƙarafan da ke ɗaukar nauyi. Nawa suka karye?

5. Birki da sitiyari. Nan rayukan mutane suke. Motar da ke tashi amma ba ta tsayawa, gara wadda ba ta tashi.

6. Tayu da batir.

7. Takardu: kart giris, asuransi, bizit da binyet. Lambar da ke bisa shasi ta yi daidai da ta kart giris? Wane ne ya ƙare?

Motar ƙungiya ta ci jarrabawa. Shasi ba tsagewa. Giya lafiya. Tayu biyu sun mutu, batir ya yi rauni, birki yana son gyara, asuransi da bizit sun kusa ƙarewa.

Hanyoyi uku

Makanike ya ce hanya uku ce gaban mai irin wannan mota.

Ta fari, a gyara injin da ke ciki. Amfaninta, an san abin da aka sa. Haɗarinta, kayan jabu sun yi yawa a kasuwa, tun da masana'anta ta daina ƙera motar. A aika mutum biyu su sayo kaya tare da makanike. A karɓi rasit. A ce makanike ya maido tsofaffin kayan da ya cire.

Ta biyu, a sayi inji na hannu a ɗora. Ana samunsu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Amfaninta, sauri. Haɗarinta, ba a san tarihin injin ba. Fenti da wanki ba sa nuna lafiyar ciki. Kada a yi cinikin biri a sama. A tayar da inji a ji kukansa. A duba launin hayaƙi. A zaro sandar awon mai a duba. A rubuta takarda cewa in ya nuna aibi cikin kwanakin da aka yi alkawari, za a maido shi. In daga ƙetaren iyaka ya fito, a bi ta duwan a karɓi takarda.

Ta uku, a yanka.

Aiki na uku: lissafi

Ma'ajiya ta ɗauko littafi. Lambobin da ke ƙasa misali ne don koyo, ba farashin kasuwa ba. Kowace ƙungiya ta tambayi farashin garinta ta sa nata. Jika ɗaya ita ce dala 200, wato sefa 1.000.

Gyaran inji:
Kayan inji, jika 280
Ladan makanike, jika 70
Jan mota zuwa gareji, jika 30
An tara, jika 380

Sauran jiki:
Tayu biyu, jika 100
Batir, jika 45
Birki, jika 25
Takardu, jika 100
An tara, jika 270

Duka biyu: 380 da 270, jika 650.

Ma'ajiya ta ce ba a gama ba. Duk wanda ya taɓa gyaran tsohon ɗaki ya san in aka buɗe rufi sai an ga azarar da gara ta ci. Sai ta ƙara kashi ɗaya cikin biyar don abin da ba a gani ba, jika 130. Gyara ya tashi jika 780.

Inji na hannu kuwa: inji 450, ɗorawa 50, ja 30, sauran jiki 270. An tara 800. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar, 160. Ya tashi jika 960.

Mai sayen ƙarafa ya taya motar jika 350.

Daga nan ta yi tambaya biyu.

Tambaya ta fari: wata nawa mota za ta yi kafin ta biya kuɗin gyaranta? Ta buɗe littafin shekarar da ta wuce. Bayan an fitar da esansi, da ladan direba da yaron mota, da ƙananan gyare-gyare, mota tana barin jika 60 a wata in aka daidaita watannin kaka da na rani. A raba 780 da 60: wata 13. A raba 960 da 60: wata 16. Aka tambayi makanike: in an gyara, an kuma kula da ita, shekara nawa za ta yi? Ya ce shasi irin wannan zai kai shekara uku ko fiye, in Allah ya yarda. Wata 13 na biyan bashi, sauran riba. Da ya ce shekara ɗaya, da gyara asara ne.

Tambaya ta biyu: da a gyara, da a sayi irinta mai tafiya, wanne ya fi? Nan mutane da yawa ke kuskure. Wanda ya gyara, ya bar jika 350 da mai ƙarafa zai ba shi. Ke nan motar ta tsaya masa 780 da 350, jika 1.130. Aka tambaya a tasha, aka ce irinta mai tafiya, mai takardu, tana kai jika 1.500. Gyara ya fi araha da jika 370. Ban da haka, wannan an san halinta, waccan ba a sani ba. Da a ce ana samun irinta a jika 900, da yanka ya fi.

Saurayi ya ce: "Yaya, babur mai ƙafa uku fa?" Aka sa shi cikin lissafi shi ma. Yana shan esansi kaɗan, kayansa suna ko'ina. Amma ba ya ɗaukar abin da bashe ke ɗauka, kuma yana wahala cikin rairayi mai zurfi da doguwar tafiya. Garin da ke kusa da kwalta, mai kaya kaɗan, babur zai ishe shi. Wannan gari kuwa yana nesa da kwalta, albasarsa tana da yawa, kuma albasa ba ta jiran mota. In ta daɗe a tare cikin zafi sai ta ruɓe, ko baƙin ƴan kasuwa su zo har gona su saya yadda suka ga dama.

Aka ɗaga hannu. Gyara ya rinjaya. Dattijo ya yi murna. Ma'ajiya ta ce masa: "Baba, ba don jikanka aka bar ta ba. Don shasinta ne. Ranar da shasi ya tsage, ni zan fara kiran mai ƙarafa." Dattijo ya yi dariya ya ce: "Na ji, ɗiyata. Allah ya yi maki albarka."

Wanda bai yi lissafi ba

A wani gari kusa, wani mai fataucin dabbobi yana da tasa bashe. Injinta ya yi bugu kwana uku, bai tsaya ba, har sandar fisto ta fasa ganga. Shasi kuwa an yi masa walda sau biyu saboda lodi. Takardu sun daɗe da ƙarewa. Abokai suka ce ya yanka. Ya ce kunya ce a ce motar Alhaji ta koma ƙarafa. Ya sayar da bijimai biyu, ya sayi inji na hannu ba tare da ya ji kukansa ba. Kafin damina ta wuce, shasi ya karye wurin tsohuwar walda, da lodin tumaki a baya. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma bijimai sun tafi, mota ta tafi. Sabon inji bisa karyayyen shasi, sabon sirdi ne bisa doki mai karyayyen baya.

Ga alamun da ke cewa a yanka:

Shasi ya tsage, ko ya sha walda, ko tsatsa ta cinye shi.
Ganga ta fashe, ga giya ko ƙarfen baya su ma suna ciwo.
Takardu ba su da asali, ko lambar shasi ba ta yi daidai ba.
Kuɗin gyara da kuɗin ƙarafa in an haɗa sun wuce kuɗin irinta mai tafiya.
Gyara ba zai yiwu ba sai an taɓa rumbun ci, ko iri, ko shanun noma.

Wannan ta ƙarshe ta fi duka nauyi. Ba a fasa rumbu don mota. Ba a sayar da saniya mai ciki don mota.

In an yanka, ba a zubar da komi

Mahauci ba ya zubar da fata ko ƙaho. Mota ma haka. Wanda ya sayar da ita dunƙule yana samun kuɗi nan take, amma kaɗan. Wanda ke da haƙuri ya sayar gaɓa-gaɓa yakan samu fiye: akwatin giya dabam, radiyato dabam, ƙofofi, gilasai, fitilu da tayu dabam.

Wasu gaɓoɓi kuwa gara su zauna gida. Da ƙarfen ƙafafu da tayu, mai walda yana ƙera amalanken shanu ko na jaki. Maƙeri yana son lam, don ƙarfe ne mai kyau na gatari, adda da wuƙa. Tsohuwar taya tana zama takalmi, robar cikinta tana zama guga. Sanholo ana narka shi a yi tukunya, kamar yadda ake yi a kasuwar Katako ta Yamai.

A kula da abu uku. Baƙin man da aka juye daga inji guba ne. Kada a zuba shi kusa da rijiya ko cikin gona, kada kuma a shafa wa dabba mai ƙaiƙayi, a kai ta wurin malamin dabbobi. Ruwan batir yana ƙone fata da ido, dalmar cikinsa tana cutar da yara, don haka kada a fasa shi cikin gida. Sannan kada a sayar da kart giris dabam ga kowa. Ana iya ɗora ta bisa motar sata, sunan mai ita na fari ne zai fito. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a kai ofis a buga hatimi.

In an gyara, kada a koma gidan jiya

Injin da aka gyara kamar mai jego ne. Kilomita 1.000 na fari a tafi sannu, ba gudu, ba lodi mai nauyi. Sannan a koma gareji a juye mai, makanike ya sake ɗaure kusoshin kulas.

Ƙungiyar ta rubuta dokoki ta manna cikin mota:

Kowace safiya, kafin a tayar, a duba ruwa, a duba mai.
Allurar zafi ta hau, ko jar fitilar mai ta kama, a tsaya nan take. Ba "saura kaɗan".
Ba a buɗe radiyato da zafi, ba a zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi. A jira ya huce.
A juye mai kowane kilomita 5.000, ko ƙasa da haka a hanyar ƙura. A sayi mai cikin galan mai hatimi.
A kaɗe matatar iska kowane mako, a canza ta in ta yage.
Lodi kada ya wuce abin da aka rubuta cikin kart giris. Irin waɗannan motoci wajen tan 1 aka yi su ɗauka, wato buhu 10 masu kilo 100. Mutanen da ke bisa kaya su ma nauyi ne.

Direba kuwa ba a kore shi ba. Ya amsa laifinsa gaban jama'a. Aka gano kuma ya taɓa faɗin radiyato yana ɗiga, aka ce ya bari sai bayan albasa. Gyaran da bai kai kuɗin akuya ba, ya koma kuɗin bijimai. Laifin na kowa ne.

Doka ta ƙarshe ita ce mafi amfani. Kowace tafiya, kafin a raba komi, ma'ajiya tana cire wani abu ta sa cikin asusu dabam. Sun sa masa suna asusun tsufa. Ba a taɓa shi don biki ko suna. Makiyayi mai hankali ba ya jira sai tsohuwar saniya ta faɗi sannan ya nemi wata. Tun tana ba da nono yake renon karsana bayanta. Bashe ba ta haihuwa. Asusun nan shi ne karsanarta.

Tambayoyi don ajin karatu

1. Waɗanne abubuwa uku suka fi kashe inji?
2. Me ya sa aka ce shasi ya fi inji muhimmanci?
3. Gyara jika 600, mota tana barin jika 50 a wata. Wata nawa za ta biya?
4. Gyara jika 700, mai ƙarafa ya taya 300, irinta mai tafiya jika 900. A gyara ko a yanka?
5. Motar garinku, ko injin niƙa, ko famfon ban ruwa, yana da asusun tsufa? Wa ke riƙe littafin?

A wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, za a yi bayani bisa yadda ake riƙe littafin shiga da fita na motar ƙungiya.